Gurbin da Aka Riƙe wa Auta

Ni ce babba a ɗakinmu, shi ne auta. Na goya shi, na yi masa wanka, na dake shi a kan gudun makaranta har hannuna ya gaji, duk da haka bai tsaya ba. Ni na zama malamar firamare, shi ya zama ɗan dako a Kasuwar Muda Lawal, ɓangaren hatsi, inda manyan motoci ke sauke masara da dawa. Ban taɓa raina sana'arsa ba. Tun da mahaifinmu ya rasu, buhun da yake ɗorawa a wuya ne ya riƙe gidan mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna. Ni ma da aurena ya ƙare can na koma, na tarar da tukunya tana tafasa da guminsa.

Auta mutum ne mai barkwanci. In ya dawo da yamma, tun daga zaure za ka ji muryarsa yana tsokanata: "Malama, yau yara nawa kika zane?" Ya kwaikwayi tafiyata, ya kwaikwayi yadda nake gyara tabarau, Inna ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Muna ganin ƙarfinsa da fara'arsa muna cewa Allah ne ya yi shi haka. Ba mu san da me yake ɗaukar buhun ba.

Ranar da muka sani ina aji, wayata ta yi ƙara. Wata mata ce 'yar kudu da ke sayar da buhunan da ba kowa a ciki, rumfarta na kusa da inda suke lodi, ta san ni don nakan tsaya mu gaisa. Da 'yar Hausarta ta ce:

"Malama, ƙanenka ya faɗi, yana kumfa a baki. Ka zo maza-maza."

Na bar alli a ƙasa na tari acaɓa. Kafin in isa an yayyafa masa ruwa, an yi masa tofi, wasu na cewa farfaɗiya ce, wasu na cewa iska ce ta buge shi. Matar nan ce ta ja ni gefe ta ce in kai shi asibiti, in kuma gaya musu yana shan ƙwayar tiramol. Ta ce kowa a layin ya sani. Na dube ta, na dubi abokan aikinsa da suka kewaye shi, kowa ya sunkuyar da kai. Ashe shekaru ke nan. Da guda ɗaya ya fara a cikin shayi saboda ciwon baya, daga nan sai abin da ya yi gaba.

Wani maƙwabcinmu ya ba da shawarar a kai shi gidan mari, a ɗaure shi sai abin ya fita daga jininsa. Na ce masa in yana da ɗan da yake so a sa wa sarƙa ya kai nasa. Har yau gaisuwarmu sama-sama ce, ban kuma damu ba. Likitar da ta karɓe mu, wata mace mai magana a hankali kamar ba ta son tashin kowa daga barci, ita ta tsara yadda za a janye shi daga ƙwayar, ta ba mu magunguna, ta ce mu shirya don kwanakin farko ba daɗi.

Ba daɗi ɗin ma sauƙaƙawa ta yi. Na ga ƙato mai ɗaukar buhun masara yana rawar sanyi da tsakar rana, zufa na zuba kamar an watsa masa ruwa. Hamma ba iyaka, hawaye da majina, ciki ya ɓaci, ƙafafunsa ba sa iya zama wuri ɗaya. Ya ce yana jin kamar tururuwa na yawo a ƙarƙashin fatarsa. Ya zage ni, ya zagi kansa, ya dawo yana kuka yana cewa in yafe masa. Inna na ba shi rubutu, ni ina ba shi maganin likita, ba mu taɓa yin faɗa a kan wannan ba, kowa na jan igiyar da ta zo hannunsa. Ina zuwa makaranta idona jawur, in rubuta abu a allo in manta me na rubuta. Na gaji ƙwarai, gajiyar da barci ba ya sauke ta.

Sai abin ya fara lafawa. Zufar ta tsaya, ya fara riƙe abinci, ya yi wanka da kansa ya fito ya zauna a tsakar gida. Inna ta jiƙa shinkafa ta soya masa, wato waina, kwano-kwano aka raba wa maƙwabta sadaka. Mata suka yi ta shigowa barka da arziki. Kalma ɗaya ce a bakin kowa: ya warke. Ni ma haka na ɗauka. A wurinmu ciwo shi ne abin da ke kwantar da mutum, in ya miƙe ya ci tuwo to magana ta ƙare.

Da wannan murnar na raka shi asibiti ranar da aka ce mu koma. Na shiga ina zuba wa likita godiya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce mu zauna, akwai abin da take so mu ji mu duka biyun.

Ta ce abin da ya wuce ciwon jiki ne, shi ne mai hayaniya amma shi ne gajere. Wanda ya rage yana cikin ƙwaƙwalwa. Ta ce jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna riƙe da juna ta wasu ƙananan mahaɗai, kuma duk abin da mutum ya yi ta maimaitawa yana jin daɗinsa, mahaɗan da suka shafe shi ƙaruwa suke yi. Shekarun da ya yi yana sha, ƙwaƙwalwarsa ta ɗaure daɗin ƙwayar da duk abin da ke kewaye da shi lokacin sha: wurin, warin wurin, mutanen, har lokacin da ya saba haɗiya.

Na ce, "To ai yanzu tunda ya daina, sai su warware."

Ta girgiza kai. Ta ce nan ne mutane ke yin kuskure. Bayan an daina, ƙwaƙwalwa ba zama take yi shiru ba, aiki take ci gaba da yi. Waɗansu mahaɗan da aka ƙulla lokacin sha, a makonni da watannin da suka biyo bayan dainawa ne suke ƙara ƙarfi. Shi ya sa mutum zai yi wata da watanni lafiya lau a wani wuri, ranar da ya koma inda ya saba sha sai kwaɗayin ya taso masa fiye da na makon farko. Ta ƙara da cewa ɓangaren da ke jin daɗin abubuwan yau da kullum, abinci da hira da wasa, ya yi sanyi, kuma a hankali yake farfaɗowa, ba dare ɗaya ba. Ta dubi Auta ta ce, "Ba rashin imani ba ne, ba kuma ragwanci ba ne. Amma ka nisanci wurin nan, ka daɗe ba ka koma ba. In da hali ka sake sana'a."

Muka hau keke muka dawo gida. Murna ta koma ciki, tsugune ba ta ƙare ba.

Na yi wa Inna bayani iya yadda zan iya. Ta ji rabin farko ta yarda, wato a nisanta shi da kasuwa. Rabin na biyu kuwa ta ce ba ta taɓa jin ciwon da ke ƙaruwa bayan an rabu da abin da ya kawo shi ba. Ban ga laifinta ba, ni kaina da na yi boko sai da na kwana ina juya maganar. Damina ta kama, sai muka tura shi Tirwun wurin kawunmu, ƙanen Inna, ya taya shi noma.

Nakan je duba shi ranar Asabar. Ya yi ƙiba kaɗan, fatarsa ta yi kyau, yana aiki ba a ce masa yi. Amma ba Autan da na sani ba ne. Ba tsokana, ba waƙa. In na kai masa masa da miyar taushe, abin da da yake wawura tun kafin in ajiye, sai ya ci biyu ya ture. Na tambaye shi ko ba ta yi daɗi ba, ya ce, "Yaya, komai ɗanɗanonsa ɗaya ne a bakina." Zai zauna a gindin mangwaro yana kallon sababbin gidajen da ake ginawa a bakin gonar, ya yi awa bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi zagin da ya yi mini ciwo.

Wata Asabar na tarar da Kawu a tsakiyar dawa yana tuge wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da ke shanye dawa tun daga saiwa, yana mita. Ya ce shekaru ya yi bai shuka dawa a wannan gefen ba, gyaɗa yake sawa, ko ƙwaya ɗaya ta ciyawar bai gani ba, har ya ɗauka ta mutu. Bana ya mayar da dawa, sai ga ta ko'ina. Irinta na kwance a ƙasa, ba ya tsirowa sai ya ji saiwar dawa kusa da shi. Shi maganar gonarsa yake yi. Ni kuwa na tsaya a kan kunyar gona ina kallon ƙanena can nesa, riƙe da fartanya.

Duk wannan lokacin akwai abin da ke gudana a kasuwa. 'Yan dakon layin hatsi suna da wata al'ada tun ta iyayensu. Kowace ƙungiya tana da adadin mutanenta, kuma samun shiga ba wasa ba ne, matasa da yawa na tsaye suna jira. In ɗayansu ya kwanta ciwo, ba a sa kowa a gurbinsa. Sauran su ne za su ɗauki buhunan da da shi zai ɗauka, a kan nasu, duk Juma'a kuma a aiko wa gidansa da ɗan abin cefane. Haka suka yi wa Auta tun daga ranar da ya faɗi har damina ta ƙare. Ba Juma'ar da ta wuce ba a yi sallama a ƙofar gidanmu ba. Mutanen da su kansu ba su da shi, wuyansu ya yi kanta, su suka ciyar da mu. Ban manta ba, ba kuma zan manta ba.

Da kaka ta yi, motocin hatsi suka fara layi, sai ga shugabansu da kansa, wani dattijo mai furfura wanda nauyi ya karkatar masa da kafaɗa ɗaya. Lokacin Auta ya dawo gida. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, Inna ta zauna daga bakin ƙofa, ni ina tsaye bayanta.

Ya ce, "Hajiya, mun ji yaro ya samu lafiya, alhamdu lillahi. Gurbinsa na nan, ba mu ba kowa ba. Aiki ya yi yawa yanzu, yara sun gaji. In ya shirya ya fito."

Inna ta fara sa albarka. Ni bakina bai iya shiru ba, tun ina yarinya haka nake.

Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri, abin da kuka yi mana ɗan'uwa ma sai mai kirki. Amma likita ta ce kada ya koma wurin nan yanzu."

Ya dube ni ba tare da fushi ba. "Malama, ai ba asibiti za mu kai shi ba, aiki ne. Kuma ni da kaina zan sa ido. Wanda na gani ya miƙa masa ko rabin ƙwaya, ya bar layina."

Na yi ƙoƙarin in ce ba sai an miƙa masa ba, wurin kansa ne matsalar, warin buhu da ƙarar mota da bencin mai shayi. Ina faɗa ina jin yadda maganar ke fita kamar ta mai taɓin hankali. Ta yaya za ka dubi dattijon da ya ɗauki nauyin ɗan'uwanka a wuyansa, ka ce masa inda yake neman halaliyarsa guba ne? Ya yi murmushi, ya ce Allah ya kyauta, ya sa takalminsa ya tafi.

Ranar Inna ta yi mini faɗan da rabona da irinsa tun ina budurwa. "So kike a ce mu butulu ne? Mutane sun yi wata da watanni suna ɗaukar kayansa, yau sun ce ya zo, mu ce likita ta hana? Da wane ido zan kalli matansu a gidan biki? Yaron da ya yi damina guda bai sha ba! Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Na ce, "Inna, daminar nan da kike ƙirgawa a matsayin waraka, ita likita ta ce mu ji tsoro."

Ta ce in tashi in ba ta wuri.

Na koma kan Auta, ina tsammanin shi da ya ji da kunnensa zai goyi bayana. Yana zaune yana murza hularsa. Ya ce, "Yaya, na gaji da zama ana kallona kamar ƙwai. Wallahi a Tirwun ko tunawa da ita ba na yi. Kuma wace sana'ar zan sake? Ɗinki zan koya da gemuna?" Na nemi a sa shi gadi a makarantarmu, an ce in jira. Na yi wa wani mai gidan bulo magana, shi ma ya ce in jira. Kasuwa ce kaɗai ba ta ce a jira ba.

Safiyar da zai koma na ce zan raka shi, hanyar makarantata ce. Muna tafe yana ta ba ni labarin yadda Kawu ke faɗa da awakin maƙwabta, har na fara cewa ko ni ce na cika tsoro. Muna shiga layin hatsi ya yi shiru. Ƙurar masara ta taso, wata babbar mota na ja da baya yaron mota na dukan jikinta. Sai na ga ya tsaya cak. Ya haɗiyi yawu, ya sake haɗiya. Goshinsa ya tsatsafo da gumi alhali rana ba ta yi zafi ba. Na kama hannunsa na ji shi jiƙe.

Ya ce a hankali, "Yaya, bakina ya cika da yawu."

Na ce, "Mu juya. Yanzu-yanzu."

Ina ganin da ya juya. Amma abokansa sun riga sun hango shi. Suka taso da ihu, wannan ya rungume shi, wannan ya ɗaga shi sama, wani ya ɗaura masa tsumman da suke sawa a wuya. Murna ce ta gaskiya, ba munafunci a ciki ko kaɗan. Suka tafi da shi, ya waiwayo sau ɗaya ya ɗaga mini hannu. Matar nan mai buhuna tana zaune a rumfarta, muka haɗa ido, na wuce makaranta.

Ya yi ƙoƙari, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Kwanaki ya yi yana dawowa fuska a murtuke, jiki na ciwo, ya ci loma biyu ya shige ɗaki. Na tambaye shi yaya, ya ce kullum kamar yana riƙe da ƙofa ne ana turowa daga waje. Na roƙe shi mu koma wurin likita, ya ce ranar da aiki ya yi sauƙi. Kaka kuwa aiki ba ya sauƙi. Inna na ganin shirunsa tana damuwa, tana cewa ko sammu aka yi masa. Ni kuma, Allah ya gani, shirun nan shi ne abin da ke kwantar mini da hankali. Muddin ya dawo a gajiye ba walwala, na san bai sha ba.

Wata Laraba da la'asar sakaliya ina tsakar gida ina duba littattafan yara, sai na ji waƙa daga zaure. Ya shigo da kankana a kafaɗa kamar ba ya jin nauyinta, ya dire gaban Inna. Ya juyo kaina.

"Malama! Yau yara nawa kika zane?"

Ya kwaikwayi tafiyata, ya gyara tabarau ɗin da ba shi da shi. Inna ta fashe da dariya, dariyar da rabon da in ji ta tun kafin ya faɗi. Ta yi dariya har hawaye, ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah. Ya zauna ya cinye tuwonsa tas ya nemi ƙari. Ni jan biron da ke hannuna na riƙe, ina kallonsa. Likita ta ce fara'ar za ta dawo, amma a hankali. Wannan kuwa jiya babu ita, yau ta shigo gaba ɗaya.

Inna ta dube ni tana share ido. "Kin gani ko, 'yar boko? Ɗana ya dawo."

Na ce na gani.

Da aka kira magariba ta shiga ɗaki. Shi ya tsuguna bakin famfo zai yi alwala, na je na tsaya kansa. Bai ɗago ba.

Na ce, "Yau ne?"

Ruwan famfo na zuba a hannunsa, ya amsa. "Yau ne. Ba wanda ya ba ni, Yaya, kada ki zargi kowa. Ruwa na tafi sha. Ban san lokacin da na tsallaka titi ba, sai ganina na yi a gaban mai sayarwa, na riga na miƙa hannu."

Ban yi faɗa ba. Na neme shi a cikina na rasa, gajiya ta cinye shi. Na ce gobe ba zai je kasuwa ba, asibiti za mu koma, kuma gurbin nan a ba wani.

"Wa zai iya gaya musu?"

"Ni."

Ya rufe famfon. Ya ce, "To ki bar Inna yau. Don Allah ki bar ta ta kwana da farin cikinta."

Sai ga muryarta daga ɗaki, tana kan sallaya, muryar a sake kamar ta yarinya. Ta ce gobe tun da safe in sayi goro mai kyau in kai wa shugaban 'yan dako, in ce tana godiya, sun dawo mata da ɗanta. Ta ce in kai da hannuna, ni da na ce ba zai iya ba.

Na ce, "To, Inna. Dama can zan je."